Ina Zargin Sauro, Ashe Kaska Ce

Aikina auna filaye ne, don haka rabin rayuwata a cikin ciyawa nake yin ta. Ƙaya, cinnaka, ƙaiƙayin haki, duk na saba da su har ba na kula. Ranar da wannan abin ya faro, wuni muka yi muna kafa turaka a wani fili da shanu ke kiwo a gefensa. Damina ta yi nisa, ciyawa ta kai ƙugu, ga zafi, sai na naɗe ƙafar wandona zuwa gwiwa don in sha iska. Da azahar kuma na zauna a ƙasa ƙarƙashin wata bishiya, inda alamu suka nuna dabbobi na yawan kwanciya.

Washegari ina wanka na ji wani abu kamar ƙurji a matsematsina. Da na duba sai na ga kaska, 'yar ƙarama, ba ta wuce kan ashana ba, ta kafa baki cikin fata. Abin da na taso na ga ana yi shi na yi. Na ɗiga mata kananzir, na jira ta saki, ta ƙi. Sai na sa farce na fizge ta, cikinta ya fashe a yatsuna, wani ɗan baƙin abu ya saura a wurin. Na wanke da sabulu, na sa tufafina na fita aiki. Ko matata ban faɗa wa ba, don a ganina ba labari ba ne.

Kwana shida bayan nan zazzaɓi ya rufe ni da yamma. Ciwon kai mai tsanani, sanyi har haƙora na haɗuwa, ga wuyana da kafaɗuna sun yi tsami kamar na wuni da kaya a ka. Ban yi tunani biyu ba na ce maleriya ce, na sha maganinta kwana uku ba tare da gwaji ba. Zazzaɓin bai ko gezau ba. A rana ta huɗu na tafi wani ƙaramin asibiti. Aka soki yatsana, gwajin maleriya ya nuna babu. Aka ɗebi jini aka yi gwajin Widal, aka ce taifot ne, aka rubuta min amoksisilin. Duk zaman bai kai minti biyar ba, ba a ce in cire riga ba, ba a tambaye ni inda na shiga ko aikin da nake yi ba. Ni ma kuwa ban ambaci kaska ba, ta riga ta fita daga raina.

Na sha amoksisilin kwana uku. A lokacin kaluluwa ta fito min a matsematsi, ta kumbura har tafiya na yi min wuya. Dare ya yi ba barci, gumi ya jiƙa shimfiɗa, gari ya waye kai na sarawa. Matata ce ta dage. Ta ce, "Maigida, magani biyu ka sha ba sauƙi. Yau dai sai mun je an duba ka da kyau."

Likitan da muka samu a karo na biyu bai fara da rubutu ba. Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa. Ya tambayi inda na yi aiki a makonni biyun da suka wuce, ko akwai dabbobi a wurin, ko na shiga doguwar ciyawa. Daga nan ya ce, "Malam, ka hau gadon nan ka rage kaya, ina so in ga fatarka gaba ɗaya." Ya taɓa kaluluwar, ya bi ta da ido har ya kai ga wurin da na ciro kaskar. Wurin ya zama wani baƙin ɓawo, zagaye da jan da'ira, kamar inda aka ɗosa wa wutar sigari. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, shi ya sa ban damu da shi ba. Ya ce in juya. A bayan gwiwata ta hagu ya samu na biyu, wanda ni ban ma san da shi ba.

"Kaska ta cije ka kwanan nan?"

Sai a lokacin komai ya dawo min. Na ba shi labarin kananzir da farce. Ya gyaɗa kai, ya ce abin da yake zargi shi ne zazzaɓin cizon kaska, wanda wata bakteriya mai suna Rickettsia africae ke haddasawa. Ya ce alamomin sun cika: zazzaɓi kwana biyar zuwa goma bayan shiga ciyawa, ciwon kai, tsamin wuya, kaluluwa a kusa da cizon, sannan baƙin ɓawon nan, musamman da ya kasance fiye da ɗaya. Kaskar da ke ɗauke da wannan cuta, dangin Amblyomma, wadda aka fi gani a jikin shanu, ba ta tsayawa jiran mai wucewa kaɗai. Idan ta ji numfashin mutum ko dabba takan tako ta nufo shi, kuma da yawa sukan hau mutum a lokaci guda. Ƙanananta ba a cika ganinsu ba, su sha jini su faɗi ba ka sani ba. Watau ta bayan gwiwata ta gama abin da ya kawo ta ta tafi, ni ina can ina fama da ta matsematsi.

Na tambaye shi batun taifot ɗin da aka ce ina da shi. Ya ce gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, domin yakan nuna alama a jinin mutumin da ya taɓa haɗuwa da ƙwayar tun da daɗewa, ko wanda wani zazzaɓin daban ke damunsa. Amoksisilin kuma, da sauran dangin fenisilin, ba sa taɓa Rickettsia. Wannan bayanin ya zauna min, don haka bari in faɗe shi yadda na fahimta. Yawancin bakteriya suna rayuwa ne a wajen ƙwayoyin halittar jikinmu. Ita wannan ba ta iya rayuwa sai a cikinsu, kuma waɗanda ta fi so su ne na bangon ƙananan jijiyoyin jini. Tana shiga ta hayayyafa, jijiyar ta kumbura. A daidai inda kaskar ta ciza, 'yan jijiyoyin wurin sukan lalace, fatar ta mutu ta yi baƙi. Baƙin ɓawon da ke jikina ke nan. Maganin da zai yi aiki dole ya kasance mai iya kutsawa cikin ƙwayar halitta ya iske ta a maɓoyarta, kuma wanda aka fi dogara da shi shi ne doksisaikilin.

An ɗebi jinina kwalba biyu. Ɗaya don gwaje-gwajen yau da kullum, wanda ya fito a ranar: ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ɗan ragu, ma'aunin hanta ya ɗan hau. Likita ya ce haka akan gani a irin waɗannan cututtuka, amma ba hujja ba ce ita kaɗai. Ta biyun aka ajiye ta. Ya bayyana min cewa gwajin da ake yi a jini ba ƙwayar cutar yake nema ba, martanin da garkuwar jiki ta mayar mata yake nema, kuma jiki kan ɗauki makonni kafin wannan martanin ya bayyana. Idan aka gwada a makon farko, sau da yawa sakamakon zai ce babu alhali akwai. Shi ya sa ake ɗibar jini sau biyu, na farko lokacin ciwo, na biyu bayan makonni biyu zuwa huɗu, a kwatanta. Akwai kuma gwajin PCR da ake yi da abin da aka goga daga ƙarƙashin ɓawon, wanda ke gano ƙwayar kanta, sai dai ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba.

Na ce to sai mu jira sakamako kafin a fara magani ke nan. Ya ce a'a, kuma a nan ne muryarsa ta canza. Ya ce ƙa'idar wannan dangin cututtuka ita ce a fara magani da zarar an yi zargi. Irin wanda ya kama ni yana da sauƙi, da wuya ya yi kisa. Amma yana da 'yan'uwa da ba su da sauƙi, kuma a kwanakin farko kamanninsu ɗaya. Ya ambaci wanda ake samu a nahiyar Amurka, mai suna zazzaɓin tsaunukan Rocky, wanda idan aka wuce kwana biyar ba a fara doksisaikilin ba haɗarin mutuwa ke ƙaruwa sosai. Likita ba ya jiran takarda a kan irin wannan.

Ya rubuta min miligiram 100 safe da yamma, na kwana bakwai, ya kuma yi min sharuɗɗa. In haɗiye da ruwa cike da kofi, kar in kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, domin idan ƙwayar ta maƙale a maƙogwaro tana iya yi masa rauni. Kar in haɗa shi da madara, ko maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ko maganin ƙwannafi, sai an ba da tazarar awa biyu ko uku, don suna hana hanji tsotse shi. In guji rana mai zafi, don yana sa fata saurin ƙuna. Matata ta tambaya ko za ta iya ɗauka daga wurina. Ya ce a'a, ba ya bi daga mutum zuwa mutum, amma ta duba kayan da na sa ranar, kuma idan wani cikin yara ya taɓa irin wannan ciwo kar a ji tsoron maganin. A da ana guje wa ba ƙananan yara shi don gudun ɓata haƙora, amma bincike ya nuna shan na 'yan kwanaki ba ya yin hakan. Mai juna biyu ce dai sai likita ya auna ya zaɓa mata.

Na sha na farko da daddare. Washegari ban ga wani canji ba, har zuciyata ta fara raya min ko wannan ma kuskure ne. A dare na biyu na yi barci har asuba ba tare da na farka ba, karo na farko cikin kwana tara. Da safe kaina ya yi sakayau. Zazzaɓin bai sake dawowa ba. Kaluluwar ta fi daɗewa, ta ɗauki kusan mako biyu tana sacewa a hankali, gajiya kuma ta bi ni har kusan wata. A rana ta huɗu na ji garau har na so in ajiye maganin, amma na shanye shi duka kamar yadda aka ce.

Kwanakin da na yi a kwance na cika su da karatu a kan wannan halitta da na raina. Kaska ba ƙwaro ba ce irin su sauro da ƙuda, danginta su ne gizo-gizo da kunama. Babbarta ƙafa takwas gare ta, wadda ta fito daga ƙwai kuma shida. Akwai nau'inta kusan 900 a duniya. Ba ta tashi, ba ta tsalle. Da yawansu hawa suke yi kan tsinin ciyawa su miƙa ƙafafun gaba, waɗanda ke ɗauke da wata gaɓa mai shinshinar numfashi da warin jiki, su jira. Ba a banza ake ce mata raɓi mai jini ba. Bakinta na da ƙayoyi masu kallon baya kamar ƙugiya, da yawansu kuma sukan fitar da wani abu kamar danƙo su liƙe kansu da fata. Yawunta na ɗauke da sinadaran da ke hana jini daskarewa, da masu danne zafi da ƙaiƙayi. Shi ya sa sauro na cizonka ka kai masa mari nan take, ita kuwa sai ta yi kwanaki a jikinka ba ka sani ba. A cikin wannan yawun ne ƙwayar cutar ke bi ta shiga. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, a irin cutar da ta kama ni, uwar kaska na gadar wa ƙwayayenta bakteriyar, ga shi tana zuba ƙwai dubbai. Ke nan 'ya'yan na iya fitowa da cutar tun kafin su taɓa cizon kowa.

A nan na gane abin da na yi wa kaina da kananzir da farce. Masana sun hana a shafa mata mai, ko kananzir, ko a ƙona ta da ashana, ko a matse cikinta. Duk wannan ɓata lokaci ne alhali tana manne, kuma ana fargabar yana sa ta ƙara zuba abin da ke cikinta a raunin. Ga shi kuma na fasa ta da yatsu tsirara.

Sunan Rickettsia ma na wani mutum ne, Howard Taylor Ricketts, likitan Amurka da ya je jihar Montana a 1906 ya nuna cewa kaska ce ke yaɗa zazzaɓin da ke kashe mutanen kwarin Bitterroot. A 1910 ya rasu a birnin Meziko, bayan ya kamu da wata cuta ta wannan dangin da yake bincike a kanta. Kafin shi, a 1905, wani likitan Ingila, Joseph Everett Dutton, ya rasu a Kwango yana tsaka da binciken wani zazzaɓin da kaska ke kawowa, kuma shi ma ya kamu da shi. Na daɗe ina tunanin waɗannan mutane biyu. Ƙwayar da ta kwantar da ni kuwa, sai a 1992 aka ciro ta daga jinin wani mara lafiya a Zimbabuwe, aka raɗa mata suna a 1996. Cutar tsohuwa ce, sunan ne sabo, kuma ina jin wannan na cikin dalilan da ba a cika kawo ta a rai ba.

Wanda Dutton ya bincika ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don ya fi nawa iya ɓuya. Sunansa zazzaɓi mai komowa. Bakteriyar Borrelia ce ke kawo shi, kuma mai ɗauke da ita wata kaska ce mai taushin jiki, Ornithodoros, da ke zama a ramukan ɓeraye da tsagar bango. Ita ba ta mannewa kwanaki. Da daddare take fitowa, ta sha jini cikin ƙasa da rabin awa, ta koma. Mutum zai yi zazzaɓi kwana uku, ya warke kamar mako guda, ya sake kwanciya, haka dai a kai a kai, domin ƙwayar na sauya rigarta duk lokacin da garkuwar jiki ta gane ta. Masu bincike da suka shafe shekaru suna bin lafiyar mutanen ƙauyen Dielmo a Senegal sun gano cewa yana cikin manyan dalilan zazzaɓi a can, kuma sau da yawa maleriya ake ɗaukarsa. Wanda ya kamu da wannan ba shi da baƙin ɓawon da zai nuna wa likita, bai kuma ga kaskar ba balle ya tuna.

Cikin cututtukan kaska, cutar Lyme ita ce ta fi suna a duniya. An fara gane ta a matsayin cuta mai zaman kanta a 1975, lokacin da yara da yawa a garin Lyme na jihar Connecticut suka riƙa fama da kumburin gaɓoɓi, sannan Willy Burgdorfer ya gano bakteriyar a cikin kaska a 1981. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana yi wa mutum kusan 476,000 maganinta duk shekara a ƙasar. Alamar da aka fi saninta da ita jan tabo ne mai faɗaɗa a hankali, kwana 3 zuwa 30 bayan cizo, kuma idan aka bar ta tana iya taɓa gaɓoɓi, jijiyoyi da zuciya. Tana yawaita a Arewacin Amurka, Turai da wasu sassan Asiya. Galibi sai kaskar ta yi fiye da kwana guda a manne kafin ta zuba wannan ƙwayar, Rickettsia kuwa na iya shiga da wuri fiye da haka. Akwai kuma bakteriyar Ehrlichia da ta Anaplasma, masu shiga fararen ƙwayoyin jini, su ma doksisaikilin ne maganinsu.

Bayan mako uku na koma aka ɗebi jini na biyu. Da sakamakon ya iso, likita ya ajiye takardun biyu gefe da gefe a gabana. Na farko bai nuna komai ba. Na biyu ya nuna martanin garkuwa ya hau sosai a kan dangin Rickettsia masu haddasa irin wannan zazzaɓi. Ya ce gwajin ba ya bambance 'yan dangin ɗaya bayan ɗaya, amma haɗe da ɓawo biyu da labarin filin shanu, ba shi da shakka. Ya ƙara da cewa kar in ɗauka na gama da kaska, cututtukanta da yawa ne, wata na iya cizona gobe ta kawo wata daban.

Na koma aiki, amma shirina ya canza. Dogon wando mai haske nake sawa don in ga abin da ke tafiya a kai, in tura ƙafarsa cikin safa komai zafi. Kayan aikina ina fesa musu maganin kashe ƙwari mai suna fametirin in bar su su bushe, wannan a tufafi ake sa shi ba a fata ba, a fata kuma in shafa maganin ƙwari mai sinadarin DEET. Na daina zama a makwancin dabbobi. Ina dawowa gida wanka nake fara yi, in bi jikina da hannu da madubi: bayan gwiwa, matsematsi, hammata, cibiya, bayan kunne, cikin gashin kai. Inda idona ba ya kaiwa matata ke dubawa. A jakar aikina kuma na ƙara hantsaki mai siririn baki, da auduga, da 'yar kwalba mai murfi.

Wata biyu bayan na warke suka yi amfani. Muna tattara kaya da yamma sai yaron da ke riƙe min sandar awo ya sunkuya, na hango wani ɗigo a bayan wuyansa, daidai gindin gashi. Ya kai hannu zai ƙanƙare, na riƙe hannun. Na zaunar da shi, na kama kaskar da bakin hantsaki dab da fata, ba a ciki ba, na ja ta sama a hankali, ba murɗawa ba fizga. Fatar ta ɗan biyo ta, sannan ta saki, ta fito da bakinta duka tana motsa ƙafafu. Na wanke wurin da sabulu, na jefa ta a kwalba, na rubuta kwanan wata a jikin murfin na miƙa masa.

Na ce masa ya sa ido a jikinsa har wata guda. In ya ji zazzaɓi, ko ya ga tabo, ko kaluluwa ta fito, ya tafi asibiti da kwalbar a aljihu, kuma kafin a tambaye shi komai ya fara da cewa kaska ta cije shi ranar kaza. Ya juya kwalbar yana kallonta, ya ce, "Oga, wannan 'yar abar?" Na naɗe ƙafar wandona na nuna masa tabon bayan gwiwata, wanda har yanzu bai gama bajewa ba.